Zoben ciki ba ya tare kunu

Tun da yayata ta dawo daga ƙasar waje, inda aka yi mata tiyatar rage ƙiba irin wadda ake ɗaure saman tumbi da zobe, na lura cewa mutanen gidanmu sun sa ido a inda haɗarin bai fi yawa ba. Kowa yana gargaɗinta a kan kilishi da tsire, amma babu wanda ya ga laifin kofin fura da nono da aka zuba wa sukari cokali uku, alhali a ganina wannan kofin ne ya fi iya rusa aikin da aka kashe wa kuɗi masu yawa.

Zoben na roba ne mai laushi, ana zagaya shi a saman tumbi ta yadda za a bar wata 'yar jaka da ba ta kai girman ƙwai ba, abinci ya taru a cikinta, sannan ya riƙa gangarawa a hankali ta wata ƙaramar kafa. A ƙarƙashin fatar ciki akwai wurin da likita yake soka allura ya ƙara ruwan gishiri ko ya rage, domin ya matse zoben ko ya sassauta shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a wannan tiyata ba a taɓa hanji, don haka duk abin da ya samu ya wuce kafar nan, jiki zai amfana da shi gaba ɗaya kamar dā.

Abinci mai maƙalewa shi da kansa yake ladabtar da mai cinsa. Na ga hakan wata safiya da yayata ta gutsuri burodi mai laushi ta haɗiye ba ta tauna sosai ba. Nan take ta ajiye kofi, ta dafe ƙirji, yawu ya cika mata baki, ta yi kusan minti goma tana kai da kawowa a tsakar gida kafin ta amayar da shi a dunƙule. Haka shinkafa da taliya da babbar lomar tuwo suke yi, haka busasshen nama da ganda, da zaren mangwaro, da gugguru da gyaɗa da aya. Ba abin wasa ba ne, domin yawan amai yana iya sa zoben ya goce daga inda aka ɗaura shi, wani lokaci har sai an sake komawa ɗakin tiyata. Sai dai wanda ya sha wannan wuya sau ɗaya ba ya bukatar a yi masa wa'azi.

Lemon kwalba kuma likitoci sun hana shi saboda iskar da ke cikinsa tana kumbura ciki ta jawo ciwo. Sun kuma hana shan ruwa a kan abinci, sai a dakata kamar rabin sa'a, wanda ya yi wa yayata wuya ƙwarai, tunda mu a gida mun saba kora kowace loma da ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya ciwo. Kunun gyaɗa mai sukari, da fura, da zoɓo mai zaƙi, da shayi mai madarar gwangwani, da askirim da cakulan, duk suna silalewa ta kafar zoben ba tare da wani cikas ba, ba su tsaya a jakar ba balle mutum ya ji ƙoshi. Ruɗanin yana farawa ne daga makonnin farko, lokacin da ake sa majinyaci a kan abu mai ruwa-ruwa kusan mako biyu, sannan niƙaƙƙen abinci, kafin a koma mai tauri wajen mako na shida. Da mutum ya gwada nama ya wahala, sai ya koma wa abin da ya san ba ya damunsa, ya zauna a kai. 'Yan'uwa kuma su riƙa cewa, "Baiwar Allah ba ta cin komai, sai ɗan kunu," ba tare da an lissafa cewa ɗan kunun jug biyu ne a yini ba.

Shi ya sa nake ganin gargaɗin ya fi dacewa da masu ɗora tukunya fiye da majinyacin. Mu yanzu a ƙaramin faranti muke zuba mata, ta fara da kifi ko ƙwai ko alala, ta tauna kowace loma sau ashirin zuwa talatin, ta tashi da zarar ta ji nauyi a ƙirji. Hajiyarmu ce dai har yanzu ba ta gamsu ba. Jiya da yamma ma ta leƙo da kwanon fura a hannu tana cewa, "Ke dai daure ki sha, ai wannan ba abinci ba ne."