Wanda ya buɗe shi zai rufe

Masu rubuta manhaja da C# ko Java, akwai sakacin da ya zama ruwan dare a cikinmu: a buɗe fayil ko layin haɗi da rumbun bayanai (database connection), a gama aiki, a bar shi a buɗe, wai mai kwashe shara (garbage collector, sashen da ke share abin da manhaja ta daina amfani da shi a memori) zai ji da shi. Wannan ba aikinsa ba ne. Shi memori yake lura da ita, kuma galibi ba ya tasowa sai ta fara matsewa. Objek ɗin da ke riƙe da layin ɗan mitsitsi ne, ana iya tara ɗaruruwansu bai leƙo ba.

Abin da suke riƙe da shi kuwa ƙidayayye ne. A ADO.NET (hanyar da C# ke haɗuwa da rumbun bayanai) da SQL Server, layuka 100 ake ware wa manhaja in ba a canza saitin ba. Idan buƙatu suka ɗauke su ba su mayar ba, ta gaba za ta jira daƙiƙa 15 sannan ta faɗi. A Linux kuma sau da yawa iyakar fayilolin da manhaja za ta buɗe 1024 ce, tana wucewa sai a ga "Too many open files". A kwamfutar gwaji ba a ganin komai, sai an ɗora a sabar jama'a sun yi yawa.

Rubuta Close a ƙarshen aiki bai wadatar ba, domin in kuskure ya tashi a tsakiya, ba za a iso wurin ba. A yi amfani da using a C#, da with a Python, da try-with-resources da Java 7 ta kawo a 2011, domin su suna rufe abin da kansu ko da kuskure ya tashi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne mallaka. A C#, ajin (class) da ya ƙirƙiri abin rufewa ya ajiye a jikinsa, dole shi ma ya ɗauki IDisposable, wato ya samar da hanyar rufe shi mai suna Dispose, kuma Dispose ɗinsa ya jure a kira shi sau biyu. Abin da aka miƙo masa daga waje kuwa aro ne, kada ya rufe, mai shi na iya ci gaba da amfani da shi.

Kada a jingina da finalize, hanyar Java da mai kwashe shara ke kira kafin ya share objek, ba wanda ya san yaushe za ta yi aiki. Java 9 ta ce a guje ta, Java 18 ta sa mata alamar cirewa.

HttpClient na C#, ajin da ake aika buƙatu ta intanet da shi, shi ne ya fita daban. Ƙirƙirarsa da rufe shi a kowace buƙata yana barin soket-soket (kafofin haɗin intanet) a halin jira bayan rufewa, wato TIME_WAIT, har tashoshin (ports) su ƙare. A riƙe guda ɗaya mai daɗewa, ko a karɓo daga IHttpClientFactory, wanda ke samar da su yana kula da haɗinsu.