Ni da injin kwance: kyalli na bi ya kai ni ya baro

Wlh duk abun nan daga wata 'yar jar fitila ya faro, wacce take kama da buta a gaban sitiyari. Sati uku tana kunna min kanta, in na taka mota ta ɗauke in na tsaya ta dawo, ni kuma da ta ishe ni sai na yanko baƙin salatif na manne ta na huta. Ashe baiwar Allah cewa take baƙin mai baya kaiwa inda ya kamata. Ranar da abun zai faru ina tafe sai naji ƙwas ƙwas ƙwas daga gaba kamar ana buga ƙofa da guduma, mota ta yi tari biyu ta mutu. Bakanikena ya zo ya zaro dogon ƙarfen awon mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, a bushe ƙayau, ya dube ni yace Alhaji sai haƙuri, inji ya buga, karanshaf ɗin ma (babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji) ya ci, gara kawai a nemo na kwance, wato injin da aka ciro daga wata mota, a ɗora.

Yace in bari gobe mu je tare. Ni kuma daren nan na kwana kallon bidiyo a waya, kafin asuba ji nake in an bani sufana jirgin sama ma zan kwance, don haka na tafi ni kaɗai.

Motata Corolla ce ta 2005, injinta 1ZZ mai lita 1.8, wannan na haddace. Ina shiga wajen masu sayarwa na tarar da injina jibge a ƙasa, wasu baƙi ƙirin da maiƙo wasu sun yi ƙura, can gefe kuma ga wani yana sheƙi kamar yau aka fito dashi daga kamfani. Zuciyata ta tafi. Mai kayan yace yallaɓai ai kai masani ne, ido ɗaya ka yi ka gano na kirki. Kai jama'a, kaina ya ƙara girma. Na zagaya shi sau biyu, na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa (har yau ban san me nake son ji ba), na gyaɗa kai na biya aka loda min.

Bakanike ko yabawa bai yi ba, ya tsuguna ya haska fitilar waya a jikin bulok ta wajen da yake haɗuwa da giya, ya kankare da farce yace zo ka karanta. 3ZZ. Nace to ai duk ZZ ne. Yace eh, kai da ƙaninka ma sunan uba ɗaya ne. Wai gida ɗaya suka fito, akwai 1ZZ mai 1.8, akwai 3ZZ mai 1.6, har da 4ZZ mai 1.4, a ido kusan kamarsu ɗaya amma kwamfutar motata da lissafin 1.8 take aika mai. Sannan yace injin da aka wanke tas tun kafin ka zo, tambayi kanka me aka wanke, don duk inda yake yoyo an goge shaidar. Yaran garejin suna ta ƙunshe dariya, ɗaya har ya fake da neman sufana a ƙarƙashin wata mota kafaɗarsa na rawa.

Da ƙyar da magiya aka yarda a canza mana, wannan karon ina biye dashi a baya kamar ɗan rakiya. Ya wuce masu kyalli ya tsaya kan wani mummuna mai ƙura. Lamba ya fara dubawa, sai soket soket na sensa ya gwada da hoton na tsohon da ya ɗauka, don ko lamba ɗaya ce shekara na iya sa wayoyi su bambanta. Ya buɗe murfin mai ya leƙa da fitila, yace in ka ga abu fari fari mai kauri a ƙarƙashin murfin to wataƙila ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya ƙone, in kuma baƙin dasƙararren datti ne kamar kwalta to mai shi irinka ne baya juye. Na yi kamar ban ji ba. Ya sa sufana a kan fulin karanshaf ya juya a hankali zagaye biyu, yace in riƙe in ji, sau huɗu yana yin tauri yana saki, wato kowace silinda tana matse iska. Sannan ya ciro fulogi huɗun ya jera a ƙasa, duk ruwan ƙasa ƙasa, alamar lafiyarsu ƙalau. Wai wanda ya jiƙe da baƙin mai ringi ne ko sil ɗin bawul, wanda kuma ya fita fes shi kaɗai kamar sabo ruwan lagireto ne yake wanke shi. Nan ma dai tsafta ce abar tsoro.

Muka dawo, nace to a ɗora. Yace ina, tukunna. Injin daga mota mai kuloci ya fito tawa kuma otomatik ce, sai an cire fulayiwil ɗinsa, faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, an sa farantin tsohon injina. Ya sauke kaskon mai ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ya rubuto min wota famfo, tamostat, bel, fulogi, filta da oyil sil na bayan karanshaf, ya ce kuma a wanke lagireto. Na ga takarda tana tsawo aljihu na gajarta, sai masanin nan na cikina ya sake farkawa. Na sa biro na soke sil ɗin, nace ɗan zoben roba ne fa kuma baya yoyo. Yace Alhaji yanzu gashi a fili minti goma ne, in aka haɗa da giya shikenan ya shige. Nace a barshi. Yace to.

An ɗora, ya cire fulogi ya yi ta kik har fitilar mai ta ɗauke kafin ya bari ta tashi (sai da ya ɓare salatif ɗina kafin ya ga fitilar, ya ɗago ya kalle ni bai ce komai ba). Inji ya tashi lafiya lau, sauti kamar ƙudan zuma, na shiga gida ina fito.

Kwana huɗu uwargida tace Baban Abba wai motar nan fitsarin kwance take yi ne? Na leƙa, ɗigon mai baƙi daidai tsakanin inji da giya. Na kira bakanike na fara kame kame, yace kar ka damu, sai dai fa a sake sauke giya, wuni guda ne da kuɗin aiki sabo. Da na isa sai ya buɗe durowa ya miƙo min sil ɗin a ledarsa, yace tun ranar ya saya ya ajiye don ya san zan dawo. Salatif ɗin kuma yana nan manne a jikin durowar, wai yana nunawa kwastomomi.