Rashin zuwa asibiti ba shi ne lafiya ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa, "Ai Baba da ƙarfinsa, ya shekara bai leƙa asibiti ba." Ana ɗauka duk tsohon da cuta ta yi wa yawa, shi zai fi kowa zirga-zirgar ganin likita. Ba kullum haka abin yake ba.

Dattijon da ke fama da hawan jini da ciwon suga ya fi buƙatar a riƙa duba shi a kai a kai. To amma idan ciwon gwiwa ya haɗu da su, tashi daga tabarma ma aiki ne, balle hawa babur ko tsayuwa a layin karɓar kati. Sai an sami mai rakiya da kuɗin mota. A haka ranar komawa asibiti take wucewa, magani ya ƙare, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac, wato maganin rage zafin ciwo. Wannan maganin kuwa yana iya ƙara hawan jini, ya taɓa ƙoda. Ƙarshe sai a kwashe shi ranga-ranga zuwa sashen gaggawa, ya shanye ɓarin jiki ko ya faɗi ya karya ƙugu.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na kula da lafiyar tsofaffi da ake kira ICOPE, ta sa gwajin motsi cikin abin da ake fara dubawa: tsoho ya tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba. Wanda ya kasa, sai a zurfafa bincike, ko da bai yi kukan komai ba.