Soke hurumin gonaki a Indiya: doka ta yi nata, littafin haraji ya yi nasa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san mutumin nan mai murɗaɗɗen gashin baki, mai doki da bindiga, wanda gonakin ƙauye kaf nasa ne, talaka ba ya iya haɗa ido da shi. Dokar haraji ce ta haife shi tun kafin masu fim su gan shi. A 1793 Lord Cornwallis, gwamnan kamfanin Ingila da ke mulkin Bengal, ya yanke cewa masu karɓar haraji da ake kira zamindar su ne masu ƙasa. Za su riƙa kawo wa kamfani wani adadi da ba zai ƙara canzawa ba har abada, duk abin da suka tatsa daga manomi a saman wannan kuwa rabonsu ne. Kamar a wayi gari ne a ce wa jakadan hakimi, ƙauyukan nan da kake zuwa karɓar haraji yau sun zama gonarka, mutanen ciki kuma baƙinka ne.

A yamma da kudancin ƙasar abin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai inam, ƙasar da wani sarki ya bai wa malami ko masallaci ko ɗakin bautar Hindu ko wani bawansa, aka ɗauke mata haraji duka ko wani sashe, kusan abin da mu za mu kira hurumi. Akwai jagir, yanki guda da aka bar wa wani babba ya ci harajinsa. Akwai watan, gonar da ke tafiya da muƙamin gado, daga dagaci da magatakardan ƙauye har zuwa ɗan aike. A Konkan, gaɓar tekun yammacin ƙasar, kuma akwai khoti, inda mai karɓar harajin ƙauye na gado ya zama kamar mai ƙasar. Turawa sun tarar da yawancinsu, suka tantance, suka rubuta su a doka, suka bar su saboda masu riƙe da su sun fi kowa biyayya.

Da aka samu 'yanci a 1947 jihohi suka shiga rusa su ɗaya bayan ɗaya. Hyderabad ta soke jagir a 1949, Bombay ta soke khoti a wannan shekarar, ta bi da watan na manyan magatakarda a 1950, da inam na ɗaiɗaikun mutane a 1952. Uttar Pradesh da Bihar suka yi dokokin soke zamindari a 1950. Masu ƙasa ba su naɗe hannu ba, suka garzaya kotu, Sarkin Darbhanga Kameshwar Singh, babban zamindar a Bihar, ya yi nasara a babbar kotun Patna, hedikwatar jihar, a 1951, aka rushe dokar Bihar. Gwamnatin Nehru ta mayar da martani da gyaran farko ga tsarin mulki a wannan shekarar, ta buɗe wani jadawali na tara, ta zuba dokokin ƙasa 13 a ciki, ta ce kotu ba ta da ikon taɓa su da sunan haƙƙin ɗan ƙasa. Tsarin mulkin bai cika shekara biyu ba aka fara yi masa faci, kuma a kan gona.

Ra'ayina shi ne sokewar daidai ce, kuma hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta fito daga ɓangaren manyan masu ƙasa ba. Ta fito ne daga can ƙasa, daga mutanen Mahar na Maharashtra, waɗanda al'ada ta ɗauka ko taɓa su ƙazanta ne. Su ma suna da watan, 'yar gona a gefen gari wadda ba sa biyan cikakken haraji a kanta. Mai kallo daga nesa zai ce gata ne. Amma ladan gonar shi ne gidan gaba ɗaya ya zama a shirye dare da rana: kai saƙon gwamnati, gadin gari, ɗaukar kayan jami'in da ya zo rangadi, janye mushen shanu, sannan da yamma a bi gida gida ana karɓar ragowar abinci. Idan mai gida ba ya nan, a kira matarsa ko ɗansa. Ambedkar, lauyan da ya jagoranci gwagwarmayar mutanen da ake ƙyamar taɓawa, wanda shi kansa Mahar ne, ya kai ƙuduri majalisar Bombay a 1928 don a kwance wannan igiya, bai samu ba, ya sake komawa a 1937, ya haɗa da batun khoti. Ya riƙa roƙon mutanensa su yar da abin da suke gani shi ne kaɗai gadonsu. Ya rasu a Disambar 1956, dokar soke wannan watan ɗin ta zo a 1958. Gonar da aka ɗaura wa hidima ta gado tana ɗaure mai ita kamar turke, babba yana cin moriyarta, ƙarami yana jan igiyarta. Duk mai kewar "tsarin gargajiya" ya fara tambayar kansa a wane gefen turken kakansa zai kasance.

To amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Kusan dukkan dokokin sun bar wa zamindar duk ƙasar da yake "nomawa da kansa", aka kuma fassara noma da kai da faɗin da har wanda ke zaune a birni yana aiko wakili ya shiga ciki. Dokokin sun shafe shekaru a majalisa da kotu, kowa ya san suna tafe. A tsakanin nan aka kori manoma bila adadin daga gonakin da kakanninsu suka share, aka sa wasu suka dangwala yatsa cewa da kansu suka saki. Da aka zo da dokar ƙayyade yawan filin da mutum ɗaya zai riƙe, sai aka rarraba gonaki a takarda da sunan ƙanne da barori da mutanen da babu su, abin da Indiyawa ke kira benami. An ƙiyasta cewa manoma kusan miliyan 20 sun fita daga hannun masu tsakiya suka koma biyan gwamnati kai tsaye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yawancinsu manoman da dama sunansu ke cikin littafi ne, masu ɗan abin hannu. A Uttar Pradesh ma sai wanda ya iya biyan ninki goma na kuɗin hayarsa ta shekara ya samu cikakkiyar mallaka. Mai noma-mu-raba da ɗan ƙodago, waɗanda yarjejeniyarsu ta baka ce, sun tashi a tutar babu.

Littafin nan shi ne komai, kuma yana hannun ƙaramin ma'aikaci, patwari a arewa, talathi a yamma, mutumin da albashinsa ba ya kai shi wata, wanda kuma tun kakansa a zauren zamindar ake cin abinci. An bai wa kura ajiyar nama ke nan. Charan Singh, ministan haraji na Uttar Pradesh, ya gane haka. A 1953 patwari wajen 27,000 suka miƙa takardar ajiye aiki a tare don su murɗe hannun gwamnati, shi kuwa ya ce ya karɓa, ya ɗauki sababbi da sabon suna, lekhpal. Jarumta ce, ko da yake sauya sunan mai riƙe da alƙalami bai sauya abin da aka riga aka rubuta ba.

Inda talaka ya ga canji na gaske wurare ne kaɗan. Kashmir a ƙarƙashin Sheikh Abdullah ta karɓe manyan gonaki a 1950 ba tare da biyan diyya ko sisi ba. Kerala ta haramta hayar gona gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 1970, mai noma ya zama mai gona. Wanda ya fi burge ni shi ne na Bengal ta Yamma daga 1978, domin ba sabuwar doka ce ta yi aikin ba. Jami'an haraji ne suka bar ofis suka riƙa kwana a ƙauye, a tara mutane da yamma a unguwar talakawa, ba a ƙofar mai gari ba, a tambaya a bainar jama'a wa ke noma wace gona, a rubuta nan take. Masu noma-mu-raba kusan miliyan ɗaya da rabi suka shiga littafi, korarsu ta zama da wuya, rabonsu ya kai kashi 75 cikin ɗari idan su suka kawo iri da kayan aiki.

Akwai wani saura da ba a cika magana a kai ba. A Maharashtra da Gujarat, bayan an soke watan da inam, gwamnati ta mayar wa masu riƙe da su gonakin bayan sun biya ɗan kuɗi, amma da sharaɗi: ba sayarwa, ba rabawa, sai da izinin babban jami'in gunduma, kuma sau da yawa sai an biya gwamnati kaso mai tsoka na kuɗin. Niyyar mai kyau ce, kada mai kuɗi ya zo ya yaudari talaka ya raba shi da gonarsa. A aikace an soke tsohon matsayi na musamman an ƙirƙiri sabo. Jikan ɗan aiken nan yana da gona a takardarsa ta 7/12, wato shaidar gona da ake cirowa daga littafin haraji, amma idan birni ya iso bakinta ta yi daraja, ba zai iya sayar da ita kamar maƙwabcinsa ba, dillalin da ya san hanyar ofis shi ke cin ribar. Wannan ɓangaren mu nan ba sai an fassara mana ba. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa hakan ga Najeriya duka, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta zai yi wuya. Wanda ya taɓa bin takardar shaidar mallaka ko amincewar gwamna don jinginar da gidansa a banki ya san takalmi nawa ake kashewa.

Masu adawa da sokewar suna da hujja guda da nake girmamawa, ita ce ta ƙasar ibada. Masallatai da hubbarori da makarantu da ɗakunan bauta da yawa da amfanin inam suke rayuwa, inda aka karɓe aka maye da ɗan kuɗin shekara kuwa, tsadar rayuwa ta cinye shi. Shi ya sa jihohi suka riƙa taka tsantsan, Bombay ta tsallake su a 1952, Gujarat ba ta soke nata ba sai 1969. Har shari'ar da ta fi kowace shahara a tarihin tsarin mulkin Indiya daga nan ta taso: Kesavananda Bharati, shugaban wani gidan ibada a Kerala, ya kai ƙara kan dokar da ta taɓa gonakin gidan, kotun ƙoli ta yanke a 1973 cewa majalisa na iya gyara tsarin mulki amma ba ta iya rusa ginshiƙansa. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa manomin da ke noma gonar wakafi ya fi sauran manoma rashin kariya ba. Gidan ibada na iya ci gaba da karɓar rabonsa, a rubuta sunan mai noman, a hana korarsa. Abin da aka fi gani a kotunan Maharashtra da Telangana har yau shi ne gonakin da aka bari ba a taɓa ba, sun tsaya tsakanin mai kula da wakafi da magadan mai noma da dillalin filaye, kowa riƙe da takardarsa, shari'a tana bin jikoki.