Giya ɗaya, lasisi daban, haddi daban

Jiya wani ya kafe mini da musu, wai ba adalci a doka ta takura wa direban tirela fiye da mai ƙaramar mota, tunda giyar ɗaya ce, jikin ma ɗaya ne. Ni kam ban ga zaluncin ba.

A Amurka, haddin giya a jinin mai motar gida kashi 0.08 ne cikin ɗari, ban da jihar Utah da ta sauko 0.05. Mai lasisin manyan motoci kuwa 0.04 aka yanka masa. Faransa ta bar yawancin direbobi a 0.05, amma direban bas da sabon direba 0.02. Jamus ba ta ma tsaya ciniki ba: tun 2007, wanda bai kai shekara 21 ba, ko yake cikin shekara biyun gwaji, ko ɗigo ba a yarda ya sha ba in zai yi tuƙi.

Ai jikin ba shi doka take aunawa ba, abin da ke hannunsa take aunawa. Tirela mai tan 40 ba ta tsayuwa don ka taka birki, sai ta ga dama. Mai bas yana ɗauke da ran mutum 50. Sabon direba kuma har yanzu lissafa giyar motar yake yi a ransa kafin ya sa, ina ga an ƙara masa ta kwalba?

Inda nake da ja shi ne Ingila, da ta bar kowa a 0.08, har yaron da ya karɓi lasisi jiya, alhali maƙwabciyarta Sikotilan ta sauko 0.05 tun 2014.

Sai dai abin da ya fi kama direbobin haya safiya ce. Hanta ba ta san gaggawa ba, kusan 0.015 take ragewa a awa ɗaya. Mutum ya kwanta sha biyun dare da 0.12, ya tashi biyar na asuba, ya watsa ruwan sanyi, ya kurɓi kofi mai zafi, yana jin kansa garau. A tsayar da shi a Amurka ya hura na'urar gwajin giya, ta nuna wajen 0.045. Da a motar gidansa yake, sai a ɗaga masa hannu ya wuce. A kan tirela kuwa, sai dai ya kashe mota ya sauko.