Na Je Neman Aiki, Na Dawo Da Majinyaci

A garinmu kowa Likita yake ce min, yara da tsofaffi har mai unguwa. Ni kuwa kwas ɗin CHEW na yi, wato na ma'aikatan lafiyar al'umma, shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun, na karɓo satifiket da lasisi na dawo gida na zauna. Bana shekara ta huɗu ke nan ina aikin sa-kai a asibitinmu na sha-ka-tafi. Ni ne mai awon yara ranar rigakafi, ni ne mai gwajin zazzaɓin cizon sauro, in tsintsiya ta rasa mai ɗauka ni ne mai share baranda. Albashina "Allah ya yi albarka", sai ko ƙwan zabi idan damina ta kankama. Shi kuwa baban Hassana, yarinyar da nake nema, tuni ya gaya wa Baffana cewa bai taɓa ganin an yi cefane da sunan Likita ba, a kawo masa takardar aiki ya gani.

Saboda haka ranar da wani abokina ya turo min sanarwa ta WhatsApp cewa wata ƙungiya mai tallafa wa harkar lafiya za ta ɗauki ma'aikatan karkara, na ce abin nema ya samu. Sabis a garinmu sai an hau jigawar bayan gari an ɗaga waya sama kamar mai duban wata, don haka na wuce kafe a Jahun. Aka ce hoton fasfo ya yi nauyi, shafin ba zai karɓa ba. Yaron kafe ya yi ta matse hoton yana ragewa har na koma kamar wanda hukuma ke nema ruwa a jallo, sannan ya shige. Bayan sati uku saƙo ya shigo: intabiyu ranar Litinin, ƙarfe tara, a Dutse.

Nan na zazzago tsofaffin littattafaina daga cikin adakar Inna. Wani da ya taɓa zuwa irin wannan intabiyu ya rantse min cewa tambayar farko ita ce ma'anar kiwon lafiya a matakin farko, kamar yadda aka tsara a taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978. Jimla ce guda ɗaya da Turanci, amma tsawonta ya kai daga ƙofar gidanmu zuwa rijiya. Kwana shida ina haddarta, ina kaiwa ina komowa a tsakar gida. Inna ta ɗauka wata addu'a ce aka ba ni, duk inda na tsaya jan numfashi sai ta shafa ta ce amin.

Kwat kuwa ta Yaya Sani na aro, baƙa wuluk, mai kauri kamar bargo. Yaya Sani ya ba ni taƙi guda a tsawo, hannun kwat ɗin ya haɗiye yatsuna gaba ɗaya. Daren Lahadi na zuba gawayi a dutsen guga zan goge farar shat ɗita, sai Hassana ta kira. Kafin mu gama gaisawa dutsen ya zana hotonsa a gadon bayan rigar, baƙi ƙirin, har da tsininsa. Na ce ba komai, ai kwat za ta rufe. Na manta Bahaushe ya riga ni magana a kan kayan aro da katara.

Da asuba Inna ta miƙo min gora cike da rubutun da ta karɓo wajen Malam, ta tsaya a kaina sai da na shanye tas. Ta ƙara da kunun tsamiya kofi biyu, wai kada yunwa ta sa ni rawar murya.

Ranar Litinin kasuwar Shuwarin ke ci, abin da ban saka a lissafi ba. Golf ɗin da na samu mu huɗu ne a baya, biyu a kujerar gaba, sai raguna uku a but. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo da kansa ta saman kujera, tun daga Kiyawa yake lasar wuyan kwat ɗin Yaya Sani, ina ture shi yana dawowa. Mai ragon ma cewa ya yi in ƙyale shi, gishirin gumi yake so.

Na isa tara saura, na tarar da mutane kamar ranar rabon taki. Lamba ta 63 aka ba ni. Rabin layin 'yan ajinmu ne, kowa ya rungume fayil yana motsa baki, ka san Alma-Ata ake ja. Duk wanda ya fito ka tambaye shi me aka tambaya sai ya ce "Sai dai addu'a," ya wuce, tunda kujera ɗaya muke nema. Wajen sha ɗaya rubutun Inna da kunu suka fara neman hanyar fita. Na ƙi motsawa, don ina tsoron in juya baya a tsallake ni. Haka na zauna ina haɗe gwiwoyi cikin zafin Afrilu har ƙarfe ɗaya da rabi, aka kira sunana.

Mutum uku ne a bayan tebur. Wani Alhaji mai babbar riga a tsakiya, da ganinsa shi ne shugaba. Dama da shi wata dattijuwar nas mai tabarau a karan hanci, hagu kuma wani saurayi da bai taɓa ɗaga kai daga kwamfuta ba. Na gaishe su da Turancin da na tanada tun daga gida. Alhaji ya ce, "Lafiya lau. Zauna."

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓata. Ta ce, "Ɗan nan, cire kwat ɗin nan kafin ka faɗi mana a nan." Hoton dutsen guga ya faɗo min a rai. Na ce, "Hajiya, ai sanyi nake ɗan ji." Ta zare tabarau ta ƙara kallona, ta rubuta wani abu a takarda. Har yau ina jin zazzaɓi ta rubuta.

Daga nan sai ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta langaɓe kai, ta canza murya. "Malam Likita, yarona ne ke zawo tun jiya, ya ƙi cin komai." Wannan magana ina jin ta aƙalla sau biyar a sati. Amma kaina ya riga ya cika da abu ɗaya, kuma da na buɗe baki shi ya fito. Na miƙe zaune na fara zuba Alma-Ata tun daga farko, ba tuntuɓe. Sai da na kusa rabi ta ɗaga hannu. "Malam, ni ban yi boko ba. Wace ce kuma Alma Atta? Ni ɗana ke zawo." Saurayin kwamfuta ya sunkuya ƙarƙashin tebur wai yana gyara waya, kafaɗunsa na rawa.

Kunyar nan ce ta dawo da ni hayyacina. Na ce mata, "Baiwar Allah, watansa nawa? Yana kama nono? Akwai jini a kashin? Idonsa ya faɗa?" Na ce ta wanke hannu da sabulu, ta juye ƙunshin gishiri da sukari guda a ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, ta riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan duk bayan ya yi zawo. In ya amayar ta jira minti goma ta ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ƙwayar zinc kullum ɗaya har kwana goma ko da zawon ya tsaya, kuma kada ta kuskura ta hana shi nono don kakarsa ta ce nonon ne ya ɓaci. In ya kasa sha ko jikinsa ya saki, ta nemi mai babur a wuce babban asibiti, kada a jira gari ya waye. Hajiya ta sauke mayafi ta ce, "Ashe kana da baki."

Sai aka turo min abin awon jini, na hannu, mai famfo da agogo. Alhaji ya naɗe hannun riga ya miƙo damtse yana duba wayarsa, alamar yau an sha matsa shi. Na tattare hannun kwat, na ɗaura, na sa abin sauraro a kunne. Da farko ba abin da nake ji sai bugun zuciyata. Na saki iska na sake. Allura ta fara harbawa a 178, sauti ya ɗauke a 104.

Cikina ya ɗuri ruwa. Kowa ya san daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. In na faɗa, na gaya wa mai ba ni aiki cewa ba shi da lafiya a gaban yaransa. In na ce 120 bisa 80, Hajiya na zaune tana kallon agogon ta gefen tabarau. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye wayar nan, a sauke ƙafa ƙasa, a jingina. Minti biyar, ba magana." Ɗakin ya yi tsit. Na zaunar da shugaban kwamiti shiru kamar ɗan makaranta, ni kuma marata na neman fashewa. Na auna ɗaya hannun, 174 bisa 102.

Sabo turken wawa. Na manta inda nake, na ɗauka ɗaya daga cikin tsofaffin garinmu ne a kan bencinmu. Na ce, "Alhaji, kai da ganinka ba ka wasa da gishiri. Dunƙule nawa ake jefa maka a miya? Kana ciwon kai ta ƙeya? To wallahi wannan jinin ba na wasa ba ne, shi ke kayar da mutum a banɗaki a ce aljanu ne. Yau ɗin nan ka ga likita, kuma in an ɗora ka a magani ba a dainawa don an ji sauƙi." Sai da na kai aya na tuna. Alhaji ya kalli Hajiya. Ta ce, "Mutum nawa suka auna ka yau suka ce lafiya ƙalau? Ni na gaji da gaya maka." Ya warware hannun rigarsa ya ce, "Za ka ji daga gare mu." Ban tsaya godiya ba, na tambayi saurayin kwamfuta ina ne bayan gida.

Kwana tara ina hawa jigawa safe da yamma. Ranar na goma baƙuwar lamba ta shigo, ƙannena da suka biyo ni suka ruga gida da gudu suna an ɗauki Yaya. Alhaji ne da kansa. Ya ce ya je asibiti, an tabbatar, an ɗora shi a magani, Allah ya yi min albarka. Na ce amin, na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, batun aikin fa?" Ya ce sunaye suna sama, sai an sa hannu. Ina jiyo guɗar Inna daga cikin gari, shi kuma yana tambayata ko kilishi ma yana cikin abin da aka hana shi.