Bakano Ya Dawo Daga Koyon Kunfu

Sarkin Fawa: A'a, Alhaji Bakano! Sannu da dawowa. Ina tumbin? Ko kwastan ne suka riƙe?

Bakano: Bari kawai, Sarki. A Chaina na baro shi, a garin Dengfeng, gindin dutsen Song, inda gidan ibadar Shaolin yake. Tun shekarar 495 aka kafa shi, kuma makarantun kunfu sun cika garin. Na shiga guda, irin wadda ɗalibi ke kwana ya tashi a hannun malaminsa.

Sarkin Fawa: To, tashi sama mu gani, irin na fim.

Bakano: Wane sama! Tun kafin asuba Shifu, wato malamin, zai taso mu, mu haye dutse da gudu. Saukowa kuma da rarrafe, kai a ƙasa. Daga nan sai shara.

Sarkin Fawa: Shara? Kai da ko shagonka na Kwari yara ke share maka?

Bakano: Da kuɗina na biya aka ba ni tsintsiyar! Sai kuma tsayuwar doki. Ka buɗe ƙafa, ka rage tsawo kamar ka hau doki, ga shi babu dokin. Cinya na rawa, gumi na zuba, Shifu na gefe yana shan shayinsa. Ka ɗan miƙe, ya ce a sake daga farko.

Sarkin Fawa: Naushin fa, yaushe ake somawa? Mu a dambe, yaro ya gama ɗaukar jakar maigidansa, ana ɗaura masa zare, a kaɗa kalangu, turmi uku a san matsayinsa.

Bakano: Can sai ƙafa ta zauna tukuna. Akwai wani zaure a Shaolin da daɓensa ya yi ramuka saboda dirin ƙafar masu atisaye.

Sarkin Fawa: Ai sai da cin nama. Rago nawa suke yankawa a rana?

Bakano: 'Yan gidan ibadar ba sa cin nama. Ganye, shinkafa, awara.

Sarkin Fawa: Innalillahi! Awara? Ta 'yan talla? Yo mutumin da bai ci ƙashin bindi ba, da me zai yi kisa a fage?

Bakano: Wallahi Sarki, na ga yaro ɗan shekara 10, da awarar nan ya fasa bulo.

Sarkin Fawa: To madalla. Kai Ɗanjuma, ɗauko zare, zo ka gwada Alhaji turmi ɗaya!

Bakano: Tsaya, tsaya! Shifu ya hana mu taɓa wanda bai yi karatu ba.

Sarkin Fawa: Sama ba ka tashi ba, naushi ba ka kai ba. Me ka dawo da shi?

Bakano: Takalman kunfu, katan 40, farashin sari. Shi Ɗanjuman lamba nawa yake sawa?